Ruwan kududdufi ya yi kore, kifi na mutuwa: abin da binciken masana teku ya koya mana

Wani mai kiwon kifi daga yankin Yamaltu Deba a Jihar Gombe ne ya yi tambayar. Ya ce tun da zafi ya kankama ruwan kududdufinsa ya koma kore shar, da asuba karfasa na tasowa sama suna haki, wasu har sun mutu, amma tarwada ko a jikinta. Tafkin da shanun gari ke sha shi ma bakinsa ya fara yin kore. Ya ji a rediyo ana maganar masana teku masu binciken gansakuka mai guba, shi ne yake son sanin ko abu ɗaya ne, da kuma maganin da zai zuba.

Malam, dangi ɗaya ne, kuma kada ka zuba komai tukuna. Maganin da ake zubawa cikin gaggawa ya fi gansakukar kanta kashe kifi, zan faɗi dalili a gaba.

Abin da muke haɗawa mu kira gansakuka iri-iri ne. Akwai mai zare-zare da ke manne wa dutse da bakin rijiya, wannan ba kasafai take da guba ba. Akwai kuma ƙananan halittu da ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu sai da madubin likita, su ne ke rina ruwa. A teku, waɗanda suka fi ɓarna su ne irin su Karenia brevis mai mai da ruwan gaɓar Florida ja, da Alexandrium, da Pseudo-nitzschia. A ruwan daɗi irin namu kuwa, masu laifin su ne sayanobakteriya, musamman Microcystis. Waɗannan asalinsu ƙwayoyin bakteriya ne, sai dai suna haɗa abincinsu da hasken rana yadda ganye ke yi. Koren ruwa kansa ba abokin gaba ba ne, shi ne abincin karfasa na asali, shi ya sa ake sa wa kududdufi taki da gangan. Matsala tana farawa ne idan ya wuce kima, ko kuma irin da ya mamaye ruwan mai guba ne.

Ɓarnar ta hanya biyu take zuwa, ƙarewar iska da kuma guba. Bisa bayaninka, ta farkon ce ta kama kifinka. Da rana waɗannan halittu suna fitar da iskar oksijin har ruwa ya ƙoshi, amma da faɗuwar rana sai su daina, su koma shaƙa, su da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci a ƙasa. Haka iskar za ta yi ta raguwa duk dare, ta kai ƙarshen ƙarancinta wajen kiran assalatu. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 20 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne iyakarta. Kifi yana son miligiram 5 zuwa sama, idan ta sauka ƙasa da 2 karfasa za ta taso tana haki. Tarwada tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take tsira a inda karfasa da giwan ruwa ke mutuwa. Duk ranar da ka ga mutuwar da asuba take zuwa, manyan kifaye suka fara faɗuwa kafin ƙanana, tarwada kuma tana yawonta, to iska ce. Idan guba ce ko maganin ƙwari, ba ta zaɓen lokaci, kuma ba ta barin tarwada da kwaɗi.

Akwai kuma abin da ke faruwa da la'asar wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Koren ruwa mai kauri yana ɗaga ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwar da ke cikin ruwa, ya kai 9 ko 10, a nan ne amoniyar da ke fitowa daga jikin kifi da kashinsa take rikiɗa ta koma mai guba. Kifin da ya sha wuyar amoniya da yamma, ya kwana cikin ƙarancin iska, ba ya jure kwana da yawa.

To ina masana teku suka shigo? Su ne suka fi kowa daɗewa suna auna wannan abu, shekara bayan shekara. A Tekun Meksiko, inda kogin Misisifi ke zuba, Nancy Rabalais da abokan aikinta sun fara auna iskar ƙasan teku tun 1985. Duk bazara takin da ruwa ya wanko daga gonakin masara na tsakiyar Amurka yana haifar da gansakuka mai yawa, ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta cinye iskar ƙasa. A 2017 faɗin wurin da iska ta ƙare ya haura murabba'in kilomita 22,000. Abin da ke faruwa a kududdufinka ke nan, girma ne kawai ya bambanta. Mu ma ba a ware muke da teku ba, domin ruwan Gongola da ya wuce Dadin Kowa a Numan yake shiga Binuwai, Binuwai ta haɗu da Neja a Lokoja, daga nan sai Tekun Atlantika.

Darasi na farko shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Abincin gansakuka sinadari biyu ne, naitirojin da fosfaras, wato dai abin da ke cikin buhun kamfa da yuriya da supa, da kashin shanu da na kaji, da ruwan masai da na kwata. A 1973 David Schindler ya raba wani tafki a Kanada gida biyu da labulen roba. Ɓangare ɗaya ya sa masa kabon da naitirojin, ɗayan ya ƙara masa da fosfaras. Mai fosfaras ɗin ne kaɗai ya rufe da kore. Tun daga lokacin aka gane cewa a ruwan daɗi fosfaras ne babban makulli, a teku kuwa sau da yawa naitirojin ne. Wasu sayanobakteriya ma suna iya jawo naitirojin daga iska, saboda haka in dai fosfaras na nan ba sa rasa abinci.

Darasi na biyu daga gaɓar arewa maso gabashin Amurka ya fito, inda Donald Anderson na cibiyar Woods Hole ya daɗe yana bin Alexandrium. Wannan halitta idan lokacinta ya wuce takan dunƙule ta kwanta cikin laka, ta jira shekara ta zagayo. Ta hanyar ƙirga waɗannan ƙwayoyi a lakar ƙasan teku ake hasashen girman abin da zai taso baɗi. Namu na ruwan daɗi ma haka suke kwanciya a laka. Lakar kuma rumbun fosfaras ce: da zarar iska ta ƙare a ƙasa, sai ta sako wanda ta riƙe. Wannan ne dalilin da kududdufin da ya taɓa yin kore yake sake yi, ko da an canza masa ruwa.

Darasi na uku shi ne wanda na fi son ka riƙe. Launin ruwa ba ya nuna ko akwai guba. A 1987 a tsibirin Yarima Edward na Kanada, mutum fiye da 100 sun kwanta bayan cin wata halittar teku mai ɓawo, uku suka rasu, wasu suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abu. Bincike ya kai ga guba daga Pseudo-nitzschia, wadda kafin nan ba wanda ke zarginta. Shi ya sa ƙasashen da ke bakin teku suke ɗibar samfur a kai a kai, su rufe wurin kamun da zarar awo ya haura, ba sa jiran sai wani ya kwanta. Microcystis ma haka take, wani jinsin yana yin guba, wani ba ya yi, kuma a madubin likita kamanninsu ɗaya. Tunda yawancinmu ba mu da wurin gwaji kusa, ƙa'idar ita ce a ɗauki duk wani kore mai taruwa a saman ruwa a matsayin mai guba har sai gwaji ya wanke shi.

Gubar da aka fi sani ita ce maikurosistin, hanta take kamawa. Tun 1878 George Francis ya rubuta labarin dabbobin da suka mutu bayan shan ruwan tafkin Alexandrina mai gansakuka a Ostareliya. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, marasa lafiya fiye da 50 sun rasu a wata cibiyar wankin ƙoda saboda ruwan da aka yi aikin da shi daga dam mai gansakuka ya fito. A watan Agustan 2014 an hana mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na tsawon kwana uku. A 2020 giwaye fiye da 300 sun mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ɗora abin a kan gubar sayanobakteriya a tafkunan da suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 1 a kowace lita ga ruwan da za a daɗe ana sha, 12 ga shan ɗan lokaci, 24 ga ruwan wanka da iyo. Don ka ga ƙanƙantar abin, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita miliyan ɗaya, wato jarka 50,000 mai lita 20, ga wannan iyaka ta farko. Tafasawa ba ta kashe ta. Hasali ma tana fasa ƙwayoyin su sako gubar, ruwan ya ƙafe ya bar ta da ƙarfi.

Gwaji uku za ka iya yi da kanka yau. Na farko, tsoma sanda cikin koren ka ɗago. Idan ta fito da zare yana reto, mai zare ce, hankalinka ya ɗan kwanta. Idan ta fito kamar an shafa mata koren fenti, ba abin da ya maƙale, to ka yi hattara. Na biyu, cika kwalba mai haske kashi uku cikin huɗu da ruwan, ka sa leda a hannu kafin ka ɗiba, ka ajiye ta a inuwa mai sanyi ta kwana ba a taɓa ba. Da safe idan koren ya kwanta a ƙasa, yawanci gansakukar kirki ce. Idan ya taru a wuyan kwalba ya yi zobe, sayanobakteriya ne, domin suna da 'yan jakunkunan iska a jikinsu da ke ɗago su. Wannan gwajin ba ya kama kowane iri, amma yana kama Microcystis. Na uku shi ne awon kauri: yanka faifai mai faɗin santimita 20, ka shafa masa fari da baƙi, ka ɗaura masa igiya mai ƙulli duk santimita 10, ka sauke shi da hantsi har ya ɓace maka. Santimita 30 zuwa 45 shi ne daidai ga kududdufin karfasa. Ƙasa da 20 ruwan ya yi kauri. Idan ba faifai, tsoma hannunka, in tafin ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, ya wuce kima.

Game da kududdufin, ka tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Kifi ba zai mutu da yunwar kwana biyu ba, amma wanda ya ƙoshi ya fi buƙatar iska. Ka daina sa taki gaba ɗaya. Ka fitar da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, ta ƙasa in da hali, ka maye da sabo a hankali. Kada ka canza shi duka a rana ɗaya. Daga ƙarfe biyu ko uku na dare har rana ta fito, ka tayar da injin ban ruwa, bakin tiyon tsotsa yana kusa da saman ruwa don kada ya tayar da laka, na fitarwa kuma a ɗaga shi ruwan ya riƙa warwatsuwa cikin iska kafin ya faɗo. Koren da iska ta tara a kusurwa guda a kwashe shi da safe da bokiti ko buhu, a zuba a rami nesa da dabbobi a rufe. Ruwan da ka fitar kada ya gangara rafi ko tafkin gari, kada kuma a shayar da latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye da shi.

Ka fi sa ido a ranakun da aka yi hadari ko ƙura ta rufe rana kwana biyu a jere, da kuma daren ruwan farko. Ruwan sama mai sanyi da iska mai ƙarfi suna juya kududdufi, ruwan ƙasa marar iska ya hau sama. Haka nan idan koren ya rikiɗe dare ɗaya ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka yana wari, gansakukar ce ta mutu gaba ɗaya, kuma daren da ke biye shi ne mafi hatsari.

A nan maganar magani ta shigo. Masu sayar da kayan kifi sukan ba da kofa salfet, wani shuɗin gari. Yana kashe gansakuka kam, amma duk a lokaci guda yake kashe ta, ruɓewarta ta shanye sauran iskar, ƙwayoyin da suka fashe kuma su zubar da gubarsu cikin ruwa inda ba mai iya kwashe ta. Shi kansa yana kashe kifi a ruwan da ba shi da sinadarin farar ƙasa sosai, tumaki kuma ba sa jure shi ko kaɗan. Bayan mako biyu ko uku koren zai dawo, domin abincinsa yana nan. Zuba farar ƙasa mai zafi a kan ruwan da ya riga ya yi kore shi ma kuskure ne, pH ɗin da ya riga ya hau za ka ƙara ɗagawa.

Tafkin shanun ya fi damuna fiye da kududdufin. Da safe idan iska ta kwanta Microcystis takan taso sama, sai 'yar iska ta kora ta gefe guda, ta taru ninki ɗaruruwa a daidai bakin ruwan da dabba ke sa baki. Saniya a wannan zafin tana shan lita 30 ko fiye a rana, kuma ba ta ƙyamar koren ruwa. A sanar da mai unguwa da Arɗo yau, a kewaye gefen da koren ya taru da ƙaya, a duba kowace safiya domin yana bin iska ya sauya wuri. In ƙasar wurin mai yashi ce, a haƙa 'yar rijiya taku da yawa daga bakin tafkin, a riƙa ɗiba ana zuba wa dabbobi a kwami. Ruwan da ya tsatso ta cikin yashi ya bar ƙwayoyin a baya, gubar ma ta ragu sosai. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da ƙwayoyi, amma ba sa cire gubar da ta riga ta narke. Yara su bar iyo a wurin, kada a yi alwala da ruwan tunda akwai kurkure baki da shaƙa, kare kuma da ya shiga a wanke shi kafin ya lashe jikinsa.

Gubar iri-iri ce, akwai mai kama jijiya ban da mai kama hanta. Dabbar da ta sha mai kama jijiya takan fara rawar jiki da dalalar miyau da tangaɗi, numfashi ya yi mata wuya, ta faɗi cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, sau da yawa a bakin ruwan. Mai kama hanta tana kawo kasala da ƙin ci da zawo mai jini, ido ya yi rawaya, bayan kwanaki fatar wuraren da ke da fari ta ɗaye saboda rana, abin da zai fi bayyana a jikin farfarun shanu. Ba ta da makari. Likitan dabbobi yakan ba da garin gawayi na asibiti da ƙarin ruwa, a ajiye dabbar a inuwa. Abu biyu nake roƙo a nan. Kada a yi yankan gaggawa a kai naman kasuwa, hantar musamman. Sannan dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, domin ciwon saifa ma haka yake kisa kuma yana kama mutum. Likita ne zai bambance.

Kifin da aka kama da ransa daga irin wannan ruwa, a cire kayan cikinsa da hantarsa a zubar, a wanke tsokar da ruwa mai tsabta, don gubar a can ta fi taruwa. Wanda aka tsinta a mace a bar shi. Ƙananan kifin da ake busarwa a ci dungurungum su ma a haƙura da su. Warin laka da kifi kan yi daga wani sinadari ne daban, ba shi ke nuna guba ba, kuma yana fita idan kifin ya yi kwanaki a ruwa mai tsabta ba abinci.

Maganin gaskiya a tudu yake. Daga naitirojin da ke cikin abincin kifi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne ke zama tsoka, sauran a ruwa yake ƙarewa. Saboda haka a auna abinci: kifi 1,000 masu giram 300 kowanne nauyinsu kilo 300 ne, kashi 2 cikin 100 na wannan kilo 6 ne a rana, a raba sau biyu, abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. Bayan kowace kwasa a busar da kududdufi har ƙasa ta tsage, a kankare baƙar lakar a kai gona, taki ce mai kyau. A ɗaga gefensa don kada ruwan gona ya kwararo ciki. Masu noman rani a bakin ruwa su bar ciyawa mai faɗin taku goma ko fiye tsakanin gona da ruwa, su riƙa binne taki maimakon watsawa, kada su sa shi ana hadari. Garke kada ya kwana a bakin tafki, wanki da omo a ja shi baya.

Manyan madatsu irin Dadin Kowa da Gubi da Balanga suna da zurfi da motsi, kuma jan ruwan damina yana tare hasken da gansakuka ke buƙata, don haka ƙananan tafkuna da kududdufai ne suka fi saurin kamuwa. Duk da haka lungunan dam marasa zurfi abin dubawa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi, ya kwanta. Ga ma'aikatan gidan ruwa, tsarin aiki yana da muhimmanci: a fara kwantar da ƙwayoyin da alif a tace su da ransu, sannan a sa kilorin. Idan aka fara da kilorin kaɗan a kan ɗanyen ruwa, fasa su kawai za a yi. Gawayin tace ruwa yana kama wadda ta narke. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, suna zuwa duk kwana biyar, kowane ɗigo mita 10 ne, sun isa a ga inda kore ke taruwa a dam. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere da ta Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi za su iya wannan aiki.

In za ka kai samfur, ɗibi kwalba biyu masu tsabta, ɗaya daga koren kansa, ɗaya daga tsakiyar ruwa a zurfin kamu biyu. Ka bar ɗan wuri a saman kowace, ka naɗe su da takarda don kada rana ta taɓa, ka sa cikin ƙanƙara, ka rubuta wuri da rana da sa'a, su isa sashen nazarin halittu na jami'a ko ofishin kiwon kifi na jiha cikin kwana ɗaya. Ka haɗa da hoton bakin ruwan da ka ɗauka da sassafe, kafin iska ta watsa shi. Ko da koren ya ɓace, a bar ƙayar a wurinta aƙalla mako biyu kafin a mai da dabbobi, domin gubar da matattun ƙwayoyi suka sako tana ɗaukar kwanaki kafin ta lalace.